Daga Teburin Malam: Makirfo Kusa da Bakin Tsoho



Tarihin zangonninmu rabi yana takarda, rabi yana bakin tsofaffi. Na takarda ya sami masu kula. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya bar Salaga bayan yaƙin 1892 ya rasu a 1934, suna cikin rubuce-rubucen da Jami'ar Legon ta tattara a shekarun 1960. Na baki kuwa an bar mana, mu da wayoyinmu.

Mun taɓa kai ɗalibai wurin wani dattijo a Salaga ya ba mu labarin fataken goro. Hoto ya fito tas. Da muka koma gida muka kunna, sai ƙarar fanka da amsa-kuwwar ɗakin siminti. Baba yana motsa baki, magana ta nutse. Kafin mu sake komawa Allah ya yi masa rasuwa.

Saboda haka matasan Yendi da Bawku masu shirin irin wannan aiki, ku fara sayen makirfo kafin kyamara. Muryar tsoho ba ta da ƙarfi, waya kuma tana nesa da shi. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a riga shi ya fi, a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. Amma a kula, shadda mai sitaci tana ƙara in ta goge shi, haka ma tasbaha. A maƙala shi a bakin wuyan riga ta waje. Dogon nan mai kama da sanda da 'yan fim ke ɗagawa, a ɗaki mai rufin kwano yakan kwaso amsa-kuwwa. Ku bar musu abinsu.

In Hajiya ce, mace ta maƙala mata, kada mayafi ya rufe shi. In ta ƙi, kada a matsa: a kafa gajeren mariƙi mai ƙafa uku a gabanta, tunda a tabarma take zaune.

A kashe fanka, ko da za a sha gumi. A shimfiɗa darduma, a saki labule. Mara waya yana son caji, a cika shi tun daren jiya. Sannan mutum ɗaya ya sa abin sauraro a kunne, a ɗauki minti guda a saurara, kafin a ce: "Baba, bismillah."