Kimiyya a Gareji: Ɗan Murfin da Ya Tsayar da Motar Tumatir

A wannan makon za mu bar aji mu leƙa gareji, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai faɗin murfin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, wanda ya sa muka kwana a bakin titi.

A hutun da ya wuce mun bi akori-kurar kawunmu, mai amfani da man dizal, ta ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa za ta kai kasuwar 'Yankaba a Kano. Mun wuce Kura kaɗan sai allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Muka duba lagireto lafiya lau, tiyoyin ruwa ma babu wanda ya fashe, amma ga ruwa mai launin jar ƙasa yana tsiyaya daga jikin injin kansa. Da bakanike ya iso ya haska da fitilar wayarsa, sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, wane irin ruwa kuke zuba mata?" Kawu ya ce, "Ruwan rijiya mana, shi muka saba." Bakanike ya ce, "To shi ne ya cinye murfin bulo." Ba a gama gyara ba sai washegari da hantsi. Kafin mu shiga kasuwa tumatir ya yi laushi, aka sayar da shi a kan faɗuwa.

Mene ne wannan murfi?

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga yadda suke danna yashi su fitar da siffar tukunya, sannan su kwarara narkakken ƙarfe a ciki. Kusan haka ake ƙera gangar jikin inji, wadda bakanikai ke kira bulo. Sai dai shi bulo yana buƙatar hanyoyi a cikinsa da ruwa zai riƙa zagayawa yana kwashe zafi. Don a samar da su, ana sa dunƙulen yashi a tsakiya kafin a zuba ƙarfen. Idan ƙarfen ya huce, dole yashin ya fito, shi ya sa ake barin ramuka a gefen bulo da bayansa. Bayan an kakkaɓe yashin sai a toshe kowane rami da ɗan siririn ƙarfe mai kama da faifai ko ƙaramin ƙoƙo. Ba a ɗaure shi da noti, matsi kawai ke riƙe da shi.

A Amurka da Kanada suna kiransa da sunan da ke nufin "toshiyar daskarewa", kuma sunan yana da dalili. Ku tuna darasin Fiziks: ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, kuma idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Wato lita 10 ta ruwa za ta nemi wurin da ya kusa lita 11. Ku cika gorar roba da ruwa ku sa a firiza ku ga yadda za ta kumbura. A ƙasashen da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri, idan ruwan inji ya daskare cikin dare, ƙanƙarar kan ture waɗannan murafe waje. Mutane da yawa sun ɗauka don haka aka yi su, su zama kariya ga inji. Amma ba don haka aka yi su ba, kuma sau da yawa murfin zai fita, bulon ma ya tsage.

To mu da ba mu da ƙanƙara fa?

Ko a Jos sanyin hunturu ba ya daskarar da ruwan inji. Mu abokin gabanmu tsatsa ce. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da iskar oksijin da gishirin ƙasa, ga zafi, ga ƙarfe, duk abin da tsatsa ke buƙata ya haɗu. Jikin bulo yana da kauri, shi kuwa murfin siriri ne, don haka shi ke fara hujewa. Tsatsar daga ciki take ci, inda laka ke taruwa a bayansa. Za ka gan shi daga waje garau, alhali saura ƙiris.

Dalili na biyu shi ne matsi. Injin dizal ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai, iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Yakan matse iskar ninki 15 zuwa sama da 20, yayin da na fetur yawanci ke tsayawa tsakanin 8 da 12. Idan gasket ɗin da ke tsakanin bulo da kan silinda ya ƙone, wannan matsi sai ya kutsa hanyar ruwa, ya nemi wuri mafi rauni ya fita. Murfin lagireto da ya lalace ya daina sakin matsi shi ma yana jawo haka. A Amurka masu ƙara wa akori-kurar dizal ƙarfi don tsere da gasar jan kaya suna fama da wannan, domin idan inji ya yi gudu fiye da kima famfon ruwa kan tara matsi a bayan bulo har murfin can ya yi tsalle.

Yadda ake gyarawa

Mun zuba ido mun ga yadda bakaniken ya yi. Ya jira inji ya huce, ya zubar da sauran ruwan. Ya ɗora kurfi a gefe ɗaya na tsohon murfin ya buga a hankali har ya juya a cikin ramin, sannan ya fizgo shi da filaya. Ya ce kuskuren da yaran gareji ke yi shi ne su buga a tsakiya, murfin ya faɗa cikin bulo ya tare hanyar ruwa. Ya goge bakin ramin da samfefa, ya shafa gam ɗin gasket kaɗan, ya ɗora sabon murfi daidai girman ramin, ya sa soket ɗin da ya shiga cikinsa ya riƙa bugawa har ya zauna daram, bai karkace ba.

Namu yana gefe ne, hannu yana kaiwa. Akwai waɗanda ke bayan inji, sai an sauke giyabos kafin a gan su, kuma kuɗin aikin ya ninka kuɗin murfin sau da yawa. Shi ya sa idan ɗaya ya huje saboda tsatsa, hikima ita ce a canza sauran, domin ruwa ɗaya suka sha. Murfin tagulla ya fi na ƙarfe daɗewa tunda ba ya tsatsa. Akwai kuma na roba mai noti a tsakiya, wanda ke buɗewa idan an ɗaure, amma na fita kunya ne a kan hanya kafin a isa gareji.

Rigakafi

A daina zuba ruwa tsura. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, wanda ake kira kulan, yana da sinadarin hana tsatsa. Idan aka haɗa mai ƙarfinsa rabi da rabi da tataccen ruwa, ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma ba ya tafasa sai ya wuce digiri 100 da 'yan kai, abin da ya fi amfanar mu a watannin Maris da Afrilu. A canza shi a lokacin da littafin motar ya faɗa, domin sinadarin yana ƙarewa. Idan ruwan lagireto ya koma ja, ko yana raguwa kullum, ko an ga zanen tsatsa a gefen bulo, a je gareji tun kafin a ɗora kaya.

Gargaɗi biyu gare mu yara. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan zai yi feshi ya ƙona fuska. Sannan kulan guba ne, ga shi da launi mai kyau da ɗan zaƙi, don haka kada a zuba shi a gorar lemo, a kuma nesanta shi da ƙannenmu da dabbobi.

Kawu dai ya sayi galan biyu a ranar. Ku ma idan kun koma gida ku tambayi Baba ko Yaya wane ruwa ke cikin lagireton motarsu ko janaretansu.

Tambayar mako: a wane digiri ne ruwa ya fi nauyi a cikin mazubi ɗaya, kuma me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.