Wasan Rally-X: Ɓata Lokaci Ne Ko Darasi?

Iyaye da malamai da yawa suna ɗaukar wasannin kwamfuta a matsayin shiririta zalla. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, kuma wani tsohon wasa mai suna Rally-X ya isa hujja.

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1980, shekarar da ya fito da Pac-Man. A gidajen wasa ake samunsa, inda sai mutum ya jefa kuɗi a cikin inji kafin ya fara. Mai wasa yana tuƙa shuɗiyar mota cikin lunguna masu sarƙaƙiya domin tattara tutoci 10, jajayen motoci na farautarsa, mai kuma yana raguwa. Allon ba ya nuna filin gaba ɗaya. Sai dai akwai ƙaramar taswira a gefe mai nuna inda tutoci da abokan gaba suke, amma ban da bangayen lungunan.

To, ina ruwan ilimin halittu da wannan? Da farko, dole mai wasa ya zana hanyoyin a cikin kansa. Tun 1948 Edward Tolman, bayan gwaje-gwaje da ɓeraye a irin waɗannan lunguna, ya ce dabba tana riƙe da taswira a ƙwaƙwalwarta. A 1971 John O'Keefe ya gano wasu ƙwayoyi a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, waɗanda kowacce ke motsawa idan ɓera ya isa wani wuri takamaimai. Wannan aiki ya sa ya sami lambar Nobel a 2014, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser. Haka kuma a 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa bayan wannan sashe ya fi girma a wurin direbobin tasi na Landan.

Na biyu, motar tana iya fesa hayaƙi don rikita masu binta, amma kowane fesawa yana cin mai. Haka lamarin yake a daji. Bodari yana korar maƙiyi da wari, amma haɗa wannan ruwa mai wari yana cin ƙarfin jikinsa. Kowace dabba tana auna abin da za ta kashe wajen tsira da abin da za ta samu na abinci. Malamin da ya bayyana wa ɗalibai wannan ta hanyar wasan da suka gani da idonsu, ya rage wa kansa wahala, domin gani ya kori ji.

Amma fa kada ɗalibi ya ce na ba shi lasisi. Direbobin Landan shekaru suka yi suna haddace tituna na zahiri, ba allo suka zauna kallo ba. Bugu da ƙari, akwai abin da ya canza sa'ad da wasan ya shiga gida, wato a kan kwamfutar MSX a 1984, sannan a kan PlayStation a 1995 cikin tarin Namco Museum. A gidan wasa, aljihu ne ke tsawatarwa: kuɗi ya ƙare, wasa ya ƙare. A gida kuwa babu mai cewa ya isa, sai barci da karatu su biya bashin. Kowa ya san abin da ya yi yawa, ko zuma ce, ɗaci take yi.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce, kada su tsaya ga hani kawai. Su sa ɗalibi ya zana lungunan a takarda daga abin da ya tuna, sannan ya zana hanyar gidansu zuwa makaranta, a kwatanta. Ku kuma ɗalibai, ku ƙayyade wa kanku lokaci kafin ku fara, kamar yadda mai yake ƙayyade wa motar tafiyarta.