Tankaɗen Hasken Taurari

Duk wanda ya taɓa ganin masu wankin kuza a Bukuru ya san yadda ake raba ma'adini da yashi. To, haka masanan taurari ke yi wa haske. Sukan zuba shi cikin wata na'ura mai warwatsa shi zuwa launukan bakan gizo, sai baƙaƙen layuka su bayyana ratsi-ratsi. Wani Bajamushe, Fraunhofer, shi ya lissafa irinsu cikin hasken rana a 1814. Layukan nan ke nuna ko akwai ƙarfe a jikin tauraro, da ko yana matsowa ko yana nisa.

Amma tauraro mai dishi-dishi, haskensa bai isa a tankaɗe ba. Don haka a 2018, a kan dutsen Paranal na ƙasar Chile, aka tara hasken manyan madubai huɗu, kowanne faɗinsa mita 8.2, cikin na'ura guda mai suna ESPRESSO. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, Jos tana bisa tudu mai kimanin mita 1,200, ga kuma jami'a. Kamata ya yi makarantunmu su samu ko da ƙaramin madubin hangen nesa da gilashin raba haske, domin jikokin masu wankin kuza su koyi tankaɗen hasken taurari.