Hausa ta zama harshen ƙasa: da wane baki limaman Katolika za su yi wa'azi?

Tun watan Maris na 2025, lokacin da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. An yi ta mahawara a kan makarantun boko da kotuna da ofisoshin gwamnati. To amma akwai wani wurin da wannan mataki ya taɓa wanda ba a cika ambata ba, wato majami'un Katolika, da dogon karatun da limamansu ke fita waje su yi.

Wani zai ce, mi ya haɗa ɗan kasuwa da wannan zance, tunda Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar nan ba? Amsar tana cikin kasuwa. Tela ɗan Togo, makaniki ɗan Benin, matar da ke saida atamfa kusa da rumfarki, malamar da ke koya ma ɗiyarki karatu a lakol ɗin mishan, da yawansu ƴan Katolika ne. Abin da limaminsu ya gaya masu ranar Lahadi, da shi suke fitowa kasuwa ranar Litinin.

Bari mu duba yadda ake yin limamin, wanda suke kira fada. Bishop-bishop na Nijar da na Burkina Faso majalisa ɗaya gare su, saboda haka samarinmu da suka zaɓi wannan hanya a Wagadugu suke karatu, ko kuma a Kumi, kusa da Bobo-Julaso, inda makarantar horon limamai take tun shekarun 1930. Bayan jarrabawar bak, dokar cocin ta wajabta shekara 2 na falsafa da shekara 4 na tauhidi, ban da lokacin share fage da na gwajin aiki. Sa'an nan a naɗa mutum, bisa alkawalin ba zai yi aure ba har abada.

Daga cikin waɗannan ne bishop ke zaɓen ɗaya ko biyu ya tura su ƙaro ilimi. Akwai mataki na shekara 2 wanda ya yi daidai da mastar a jami'a, sai digirin dokta a bayansa. Wasu suna zuwa jami'ar Katolika ta Abijan, masu Ingilishi kuma suna da cibiya a Fatakwal ta Najeriya. Wanda ke son ƙwarewa a kan tsarin ibada, babbar makarantarsa tana birnin Roma, a Sant'Anselmo, tun 1961. Can ake koyon Latin da Girkanci, da asalin kowace addu'a, da lissafin ranakun idi da azumin kwana 40, da yadda ake baftisma da ɗaurin aure da jana'iza.

Dalilin da ya sa wannan karatu ya yi nauyi a yau shi ne harshe. Shekaru aru-aru da Latin ake yin babbar addu'ar Katolika, ko a Faransa ko a Dogon Dutsi. Sai a watan Disamba na 1963 babban taron Vatikan ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. A 1988 Roma ta yarda ma ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu, da tsarin ibada mai ɗauke da kiɗa da rausayar gargajiyarta. A 2017 kuma Paparoma Faransis ya ƙara ma majalisun bishop-bishop iko a kan fassarar littattafan addu'a. Ke nan izini ya samu. Abin da ya rage shi ne mutanen da suka san asalin nassi, suka kuma san Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci kamar yadda ake jin su a bakin kasuwa.

Izinin ma da iyakarsa, kuma ƴan kasuwar hatsi za su gane misalin. Dokar cocin ta ce gurasar ibada sai ta alkama, abin sha kuma sai na inabi. Tun shekarun 1970 wasu malaman coci a Cadi da Kamaru suka tambaya ko gero zai iya tsayawa a madadin alkama, tunda shi ne cimar talaka. Roma ba ta yarda ba, kuma a 2004 ta sake jaddada dokar. Irin waɗannan tambayoyi, na abin da za a iya canzawa da abin da ba a taɓawa, su ne aikin mai zurfin karatu.

Sai dai inda zancen ya fi shafar kowa shi ne kalmomi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Kirista Bahaushe yana cewa Allah, annabi, mala'ika, azumi, tuba, zunubi, daidai yadda maƙwabcinsa Musulmi ke faɗa. Baki ɗaya ne, amma a wurare da dama ma'ana ta bambanta, musamman a kan wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, Kirista kuma ke kira Yesu Almasihu. Mai wa'azin da bai san nauyin kalma a kunnen maƙwabcinsa ba yana iya tada ƙura bai sani ba. Magana zarar bunu ce.

Ba mu manta da watan Janairu na 2015 ba. Zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a birnin Paris ya jawo tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama, da makarantu da shaguna. Waɗanda aka ƙona ma dukiya ba su da hannu a zanen, kuma akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Ranar da wuta ta tashi, kasuwa ce ke fara rufewa. Shi ya sa yake da amfani a san cewa a Roma akwai cibiyar da limaman Katolika ke koyon Larabci da ilimin Musulunci, akwai kuma wata ƙarama a Bamako. Bishop na Maraɗi, Ignatius Anipu, ɗan Gana, ya fito ne daga ƙungiyar Fararen Fada, wadda aka sani da wannan fanni.

Matsaloli kuwa ba su ɓoyu ba. Na farko, hannu bai da yawa. Sai a 2013 aka samu bishop na farko ɗan asalin Nijar, Laurent Lompo, wanda ke jagorancin Yamai, kuma yankin bishop na Maraɗi, da aka kafa a 2001, ya haɗa har da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Duk fada ɗaya da ya tafi karatu, wani gari ne zai yi shekaru yana jira. Na biyu, hanya. Direbobi sun san halin da hanyar Torodi da Makalondi zuwa Burkina take ciki, kuma a yankin ne aka sace fada Pierluigi Maccalli a 2018, bai samu kansa ba sai a 2020. Na uku, wasu in sun je Turai ba su dawowa, har ta kai Vatikan ta fitar da umurni a 2001 a kan limaman ƙasashen mishan da ke zama a waje bayan karatu. Na huɗu, kusan duk karatun da Faransanci ko Italiyanci ake yin shi, mutum ya dawo da babban digiri amma ya kasa yi ma tsohuwa bayani a bakin zaure.

Bisa ga haka, ma'aunin wannan karatu shi ne abin da ya dawo gida. Ya kamata bishop-bishop su ɗora ma duk wanda suka tura nauyin maido da bincikensa cikin harsunanmu, Hausa da sauran, domin Kiristocin Makalondi da Gurmanci suke addu'a, kuma ɗaukaka Hausa bai kamata ya danne su ba. Ya kamata kuma masu fassara su zauna da malaman Hausa na jami'a, har da malaman Musulunci, kafin su tsaida kalma. Wannan ma'auni bai tsaya ga coci ba, ya hau kan ɗalibanmu da ke dawowa daga Azhar da Madina da jami'ar Sayi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma malamin da ya san harshen maƙwabcinsa yana cikin masu tsaron kasuwa, ko bai taɓa kasa kaya ba.