Kafin ka sayi mota mai turbo a Karshi

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, hankalin jama'a ya koma kan motoci masu ƙaramin inji. Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5 da turbo tana da ƙarfin doki 192, kuma ba ta shan mai sosai. Sai dai turbo na juyawa sama da sau 100,000 a minti, kuma rayuwarsa tana kan baƙin mai. Gosulon Nyanya na gajiyar da baƙin mai, ƙurar rani kuma na toshe filtar iska. A ganina, duk wanda ba zai iya yin juye da 0W-20 na asali a kan kari ba, gara ya nemi Corolla marar turbo. In ba haka ba, abin da ya tara a gidan mai, bakanike a Apo zai karɓe.