Injiniyan Inji da Kasuwar Aiki a Yankin Jega

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana yaye injiniyoyin inji, amma manyan masana'antun da za su ɗauke su ba su da yawa a kusa. Akwai kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, sai kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato. Kowanne kuwa 'yan gurabe kaɗan yake buɗewa, shi ya sa da yawa ke nufar Legas ko Abuja bayan bautar ƙasa. Alhali aikin yana nan a gida, sai dai babu takardar ɗaukar aiki a tare da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manomin rani a fadamun Jega da Maiyama yake neman wanda zai mayar masa da injin ban-ruwa zuwa gas ko hasken rana. Albasar Aliero tana ruɓewa a ma'ajiya saboda zafi da rashin iska, matsalar da ilimin sanyaya wuri ke iya ragewa. Injinan casar shinkafa da na niƙa ma kullum suna buƙatar gyara. Cikas ɗin shi ne mai digirin yakan fito da lissafi a kai, hannunsa bai saba da walda ba, don haka manomi ya fi yarda da bakaniken kasuwar Jega, kuma yana da hujja.