Ba Jifa Ba Ne, Ku Tambayi Ɗan Kifi

'Yan uwa marubuta, a wannan makon kanmu za mu yi wa faɗa.

A lungunmu na Koki akwai dattijon da shayi ke zubewa daga kofinsa kafin ya kai baki, tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Da a littafinmu ya faɗo, mun san ƙarshen zancen: abokin kasuwa ya yi masa jifa, a shafin ƙarshe a tono laya, ya miƙe garau. Tsohuwar da ta manta sunan jikanta kuwa, mayya muke mai da ita. Wannan lalaci ne da muka laƙaba wa suna hikima.

Yayin da muke tonon layu, masu bincike na kallon wani kifin ƙasar Indiya mai zane irin na jakin dawa. Ɗansa mai kwana 5 bai kai ƙwayar shinkafa ba, jikinsa garai-garai, har ƙwaƙwalwarsa ana hangowa. Sukan raba 'ya'yan a faranti mai rami 96, kyamara na bin iyonsu. Idan aka sa musu gubar MPTP, wadda ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, sai iyon ya ragu, motsi ya yi nauyi. Irin waɗannan ƙwayoyin ne ke mutuwa a cutar Parkinson. Daga nan a gwada magani, a ga ko iyon zai dawo.

Wani zai ce kifi ba mutum ba ne. Gaskiya, shi ya sa gwajin yake matakin tankaɗe kawai. Amma a 2013 an gano kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Kuma waye ya yi wa kifin asiri?

Wani kuma zai ce ai labari ne. To, mai karanta mu tana da uba mai karkarwa a gida. Littafinmu na iya tura ta wurin boka, ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda maganin levodopa kan sassauta ciwon ko da bai warkar ba. Muhammad Ali ya shekara 32 da cutar.

Mu rubuta dattijon da 'yarsa mai riƙe masa kofi. Wannan labarin ya fi laya wuyar rubutawa, kuma shi ne aikinmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.